Shafin intanet na kanka ko WhatsApp da Facebook: wanne mai sana'a a karkara zai kama?

Tun lokacin da takardun kuɗi suka yi wahala a farkon 2023, sa'ad da aka canza fasalin naira, mutanen ƙauyukanmu suka saba da tiransifa, daga nan kuma tunanin sayar da kaya ta waya ya shiga zukatan jama'a. Mai riɗi a Gagarawa, mai casar shinkafa a Auyo ko Kura, matar da ke matsar man gyaɗa a cikin gida, mai ɗinkin hula a Jahun, kowa ya ji labarin wani da ya samu mai saye daga Legas ko Abuja ba tare da ya taka tasha ba. Ni sana'ata kwamfuta ce, ina da shagon buga takardu da ɗaukar hoto a wani gari na Jigawa, don haka maganar a gabana take faɗuwa. "Malam, so nake ka buɗe mini websayit." In na tambaya me za a yi da shi, sai a ce don duniya ta san da mu.

Burin mai kyau ne. Ina cikin masu son ganin sunan garuruwanmu da abin da muke nomawa ya bayyana a intanet daga bakinmu, ba sai wani ya faɗa a madadinmu ba. Sai dai hanya biyu ce a gaban mai wannan buri, kuɗin da ke aljihunsa kuwa sau da yawa na hanya ɗaya ne. Ko dai ya zauna a dandalin da wasu suka gina, wato WhatsApp da Facebook da ire-irensu, ko ya sayi suna ya gina shafin kansa. Kowace a cikinsu na ga wanda ta yi wa rana, na kuma ga wanda ta cinye wa kuɗi a banza.

Dandalin sada zumunta tamkar rumfa ce a kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Jama'a na nan tun kafin ka iso, ba ka kashe ko sisi wajen tara su ba, amma filin ba naka ba ne. Masu kasuwa za su iya canza maka wuri, su kafa maka doka, ko su ce ka tashi. Shafin kanka kuma shago ne da ka gina a filinka can bayan gari. Ba mai tashin ka muddin kana biyan abin da ake biya, amma ba wanda zai biyo ta wajen sai wanda ka yi wa kwatance.

Kafin a zo maganar kuɗi, a fara duba mai sayen. Wa ke sayen buhun gero ko galan ɗin man gyaɗa daga hannun ɗan ƙauye? Galibi ɗan'uwa ne da ke zaune a Kano ko Kaduna, ko dillali a Dawanau, ko matar wani ma'aikaci a Dutse da ƙawarta ta ba ta lamba. Waɗannan ba sa buɗe Google su rubuta suna neman man gyaɗa mai kyau. Na kusa da su suke tambaya, a tura musu lamba, su yi sallama ta WhatsApp. Cinikinmu kuma na baki ne. Sai an gaisa, an tambayi iyali, a ce nawa, a taya, ka ce albarka, a ƙara, kafin a kai ga sallamawa. Da yawa cikin masu saye da masu sayarwa rubutun boko a waya na ba su wahala, saƙon murya kuwa ya raba wannan gardamar. Dattijon da bai taɓa rubuta harafi a waya ba zai danna ya riƙe, ya yi bayanin riɗinsa tsaf, sannan ya sa a ɗauki bidiyon hannunsa cikin buhu yana zubo da ƙwayar don a ga babu tsakuwa, babu ƙasa. Shafin intanet ba a taya shi, shi ma ba ya cewa albarka.

Ga kuma farashi. Kayan gona ba sa daɗewa a kan kuɗi ɗaya. Yadda aka sayar da tiya ranar Lahadi a Dambatta ba lallai ne ya kai Alhamis a Maigatari ba. A sitatus, canza farashi aikin minti ɗaya ne, na jiya ma da kansa yake gogewa bayan awa 24. A shafi kuwa, in mai shi bai iya shiga ya gyara da hannunsa ba, sai ya nemo yaron da ya haɗa masa, yaron kuma ya koma makaranta ko ya tafi bautar ƙasa. Haka farashin kaka zai zauna har bazara. Mai saye ya kira da shi, a ce masa ai kaya sun tashi, ya ɗauka yaudara ce.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, rabin abin da suke nema a shafi yana cikin WhatsApp Business, manhajar da ta fito a 2018 kuma kyauta ce. Kana iya sa sunan sana'arka, da adireshi, da lokacin buɗewa da rufewa. A 2019 aka ƙara mata katalog, inda kowane kaya ke da hotonsa da bayaninsa da kuɗinsa, kuma mai saye zai duba da kansa ba sai ka sake turo hotuna ɗaya bayan ɗaya ba. Akwai saƙon maraba da ke tafiya da kansa, da na ba-na-kusa don lokacin da kake gona ko masallaci. Akwai alamomi masu launi da za ka liƙa wa kowace hira, ka ware wanda ya biya da wanda ake bi bashi da wanda kayansa ke hanya. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge ni, don a nan ne 'yan kasuwarmu suka fi yin asara, a manta wa aka aika wa buhu ta hannun wane direba.

Wata gwaggona tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da yajin daddawa, ba ta kuma fita. Ranar da muka haɗa mata katalog, na ce, "Gwaggo, a fito da kwalaben tsakar gida, hasken ɗaki ba zai yi ba." Muka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma a inuwar darbejiya da hantsi, na goge idon kyamarar da bakin riga saboda maiƙon hannu, muka jera kwalabe yadda hasken zai ratsa man a ga tsabtarsa. Tana daga bakin ƙofa tana kallo, sai ta ce, "To ɗan nan, in na sa kuɗi yau, gobe gyaɗa ta tashi fa?" Na kira jikarta da ke sakandare na nuna mata inda ake dannawa a canza. Yanzu yarinyar ce ke gyara farashi duk ranar kasuwa, ɗan acaɓa kuma ya kai kaya tasha.

Wannan batun na mata ya fi ƙarfin a wuce shi da sauri. A gidajenmu, macen da ke sana'a a cikin gida hanyarta zuwa ga mai saye ɗaya ce tun fil azal, wato ɗora wa yarinya talla. Kowa ya san abin da talla ke ci: karatun yarinya, wani lokaci har da mutuncinta. Waya ba ta kashe talla ba, ba zan ce ta kashe ba, amma duk kwalbar da aka saya ta sitatus, an rage wa wata yarinya yawo a rana. Shafin intanet ba shi da wannan tasirin, domin maƙwabta da dangi, waɗanda su ne masu sayen, ba can suke ba. Shawara ɗaya ga mata: a ware layin sana'a daban da na gida, musamman in za a sa lambar a Facebook, saboda masu kiran banza ba sa ƙarewa.

Amma WhatsApp na da iyaka, kuma iyakar babba ce: ba ya kawo baƙo. Sitatus ɗinka ba mai gani sai wanda ka adana lambarsa shi ma ya adana taka. Saƙon bai-ɗaya da ake turawa mutane da yawa ba ya wuce mutum 256 a jeri guda, kuma wanda bai adana lambarka ba ba zai same shi ba. Kasuwarka tana girma ne gwargwadon yadda bakin mutane ke yaɗa ka. A nan Facebook ya fi, domin akwai zaurukan manoma da na 'yan kasuwa da na 'yan gari mazauna nesa, inda wanda bai taɓa jin sunanka ba zai ci karo da hoton kayanka. Sai dai a sani, samun mabiya dubu biyar ba ya nufin mutum dubu biyar za su ga abin da ka sa. Kamfanin ne ke zaɓar wanda zai nuna wa, kaɗan daga ciki ke gani, in kana son ƙari sai ka biya kuɗin talla. Masu kiwo kuma su lura, dokar sashen saye da sayarwa na Facebook, wato Marketplace, ta hana tallan dabbobi masu rai, don haka mai ragunan layya zai iya wayar gari ya ga an sauke tallarsa. TikTok na jan ido fiye da duka, ga mai hula ko mai kilishi yana da amfani, amma bidiyo na shan data, ga shi tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.

Inda hankalina ya fi tashi game da dandalin wasu shi ne saurin da komai ke iya salwanta. Duk kasuwancinka na WhatsApp rataye yake a wuyan layin waya guda. Tun Disambar 2020 da aka fara tilasta haɗa layi da lambar NIN an rufe layuka masu ɗimbin yawa, kuma a ƙauye ba abin mamaki ba ne ka tarar layin da mutum ke ciniki da shi da sunan ƙaninsa ko wani mai shago aka yi masa rajista. In wayar ta faɗi a kasuwa, wanda sunansa ke kan layin ne kaɗai zai iya dawo da shi. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma kamfani na iya sake sayar wa wani.

Sai masu kutse. Salonsu kusan ɗaya ne, kuma na ji shi daga bakin mutane da yawa a shagona. Za a kira ka da sallama da ladabi: "Alhaji, barka da war haka, daga ƙungiyar manoma muke, akwai taron rabon tallafin taki da yamma ta waya. Yanzu za ka ga lambobi shida sun shigo maka, karanto mini in sa ka a jerin." Lambobin nan su ne makullin WhatsApp ɗinka. Kana karantowa, an ɗauke. Kafin la'asar an bi abokan cinikinka ɗaya bayan ɗaya da hotonka da sunanka ana cewa a tura kuɗin kaya ta wani sabon asusu. Kuɗin da aka sace wani lokaci ana mayarwa, amma zargin da ya shiga zuciyar wanda aka cuta da sunanka yana daɗewa. Maganin ba ya cin ko kwabo: a shiga saiti a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sa lambar sirri, a haɗa da imel ɗin da ake iya buɗewa. Duk wanda na haɗa wa WhatsApp Business ba ya barin shagona sai mun yi wannan.

Ko babu ɓarawo, masu dandalin da gwamnatoci na da nasu ikon. Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida a duk duniya, kuma da yake kamfani ɗaya ne ke da su, wato Meta, wanda ya raba ƙafa tsakaninsu bai tsira ba. Gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220, a 2025 kuma aka ruwaito kamfanin ya shaida wa kotu cewa zai iya rufe Facebook da Instagram a ƙasar. Ba a rufe ba, amma a wannan takaddamar ba wanda ya nemi jin ta bakin mai sayar da zoɓo a Maigatari. Waɗanda suka girma da manhajojin hira na 2go da BBM sun san yadda dandali ke cika ya batse sannan ya watse. BBM ya rufe a 2019, a shekarar ce kuma Google ya rufe dandalinsa na sada zumunta, Google+.

Wannan ce hujja mafi ƙarfi ta masu cewa a gina shafi, kuma gaskiya ce. To amma a ji abin da ginin ya ƙunsa.

Abu uku ake biya. Na farko suna, wato adireshin da za a rubuta a same ka. Haya ce ta shekara-shekara, ba saye na har abada ba. Wanda ya ƙare da .com.ng ko .ng yana ƙarƙashin hukumar NiRA, ana kuma biyansa da naira ta hannun dillalan da ta amince da su. Wanda ya ƙare da .com asalin farashinsa na dala ne, wajen dala 10 zuwa 20 a shekara. Wannan bambancin ya fito fili bayan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira: dalar da take kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, duk mai biyan suna ko masauki da dala ya ga kuɗinsa ya ninka har sau uku alhali cinikinsa bai ninka ba. Ga wanda masu sayensa 'yan Najeriya ne, .com.ng ya wadatar, ya kuma fi sauƙi. A zaɓi suna gajere da za a iya faɗa a waya a rubuta daidai, a kuma tuna cewa haruffa masu lanƙwasa kamar ƙ da ɗ da ɓ ba sa tafiya lami lafiya a adireshi, don haka riɗi zai koma ridi.

Na biyu masauki, wato kwamfutar wani kamfani da ke kunne dare da rana tana riƙe da shafinka. Shi ma duk shekara ne ko duk wata. Alamar tsaro da ke sa adireshi ya fara da https yanzu kyauta ake samunta ta hanyar Let's Encrypt, kuma yawancin masu ba da masauki suna haɗawa da ita, don haka kada a yarda a caje ta da tsada. Na uku hannu, wato wanda zai gina da wanda zai riƙa kula. Yawancin masu haɗa shafi da WordPress suke aiki, manhajar da ta fito tun 2003 kuma sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Tana da kyau, amma tana son sabuntawa a kai a kai. In aka bar ta wata da watanni ba kulawa, masu kutse na shiga su cika shafin da tallan caca. Na ga shafin wata makarantar Islamiyya da hakan ta faru da shi, iyayen yara ne ma suka fara gani.

Wannan kashi na uku shi ne ba a faɗa wa mutane ranar da ake karɓar kuɗinsu. Akwai kuma abin da ya fi shi ciwo. Sau da yawa mai haɗa shafin da imel ɗinsa da sunansa yake yi wa adireshin rajista, ba don mugunta ba, don ya fi masa sauri. A idon kamfanin rajista, shi ne mai shi. Ranar da kuka saɓa, ko ya canza lamba, ko Allah ya yi masa rasuwa, shafin ya tafi. Wata ƙungiyar manoma da na sani ta buga adireshinta a jikin buhuna da allon ofis, shekara ta zagayo, saƙon tunatarwa ya tafi imel ɗin wani yaro da ya bar garin, wa'adin ya wuce, sunan ya fita daga hannunsu. Wanda aka yi wa haka bai fi mai shafin Facebook mallakar komai ba, ya dai fi shi kashe kuɗi.

Sannan nauyi. Shafin yau da kullum a intanet ya haura megabait 2, waɗanda aka cika wa hotuna masu yawo da bidiyo sun ninka haka. A garin da sai an hau tudu ko an tsaya gindin wata bishiya ake samun sabis, irin wannan shafin ba zai buɗe ba, alhali saƙon WhatsApp zai lallaɓa ya shige ko da layi ɗaya ne na netwok. In za a gina, a gina mara nauyi: rubutu, hotuna kaɗan da aka rage musu girma, lambar waya, da maɓallin da ke kai mutum kai tsaye WhatsApp. A gwada shi a ƙaramar waya a ƙauye kafin a biya cikon kuɗi, ba a kan kwamfutar mai haɗawa a birni ba. Kada kuma a ɗauka shafi na kare mutum daga kowace irin ɗaukewa. Da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021, mai shafi da mai sitatus duk zama suka yi.

To wa shafin ya dace da shi? Wanda mai sayensa ke bincike kafin ya kira. Jigawa na cikin manyan masu noman riɗi da zoɓo a ƙasar nan, zoɓonmu har Meziko ake kai shi. Kamfanin da zai sayi tan-tan, ko mai fitar da kaya waje, ko ƙungiyar ba da tallafi da ke tantance wa za ta ba, ma'aikacinsu na zaune ne gaban kwamfuta, zai rubuta sunanku a Google ya ga me zai fito. In ya tarar da shafi mai adireshin ofis, da lambar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da hoton sito, da bayanin irin kayan da lokacin da ake samunsu, da imel mai ɗauke da sunan ƙungiyar, zai ɗauke ku da muhimmanci. Makaranta mai zaman kanta, asibiti, ƙungiyar ci gaban gari, masu injin casa da ke neman manyan dillalai, duk suna cikin wannan sahun. Irin wannan shafin ba ya buƙatar farashi ko canji kullum, shafuka uku ko huɗu sun isa, kuma ƙungiya ta fi mutum ɗaya iya ɗaukar nauyinsa.

Akwai wani rukunin da nake so ƙwarai su mallaki shafi, ko da ba sa sayar da komai: masu rubutu. Malamin gona da ya san cututtukan shinkafar fadamar Hadeja, dattijon da ya haddace tarihin garinsu da jerin sarakunansa, malamar da ke koyar da haɗa abincin yara daga gero da waken suya da gyaɗa. Abin da suke sawa a Facebook kwana biyu yake yi ya nutse, mai nema ba zai same shi ba bayan shekara. Na WhatsApp kuwa Google ba ya ganinsa sam. Duk wanda ya taɓa neman bayani da Hausa a intanet kan takin zamani ko ciwon dabbobi ya san yadda ake dawowa hannu rabbana. Rubutun da aka ajiye a shafi yana nan, ana samunsa, ɗalibi a Kazaure ko Damagaram zai ci karo da shi bayan shekara goma. Ga irin waɗannan, Blogger na Google kyauta ne, ba kuɗin masauki, ana iya rubutu daga waya, daga baya kuma a ɗaura masa sunan da aka saya. Amfanin sayen sunan shi ne, ko masaukin kyautar ya rufe, kamar yadda Google ya rufe ƙananan shafukan da yake ba 'yan kasuwa kyauta a Maris ɗin 2024, sai ka ɗauke sunanka ka kai wani wuri, masu nemanka ba su ɓata ba.

Game da amana, kada a ɗora wa shafi abin da ba zai iya ba. 'Yan damfara ma suna da shafuka, wasu sun fi na masu gaskiya kyau. Abin da na ga yana kwantar wa baƙon mai saye hankali shi ne ya ga sunan da ke kan asusun banki ya yi daidai da sunan sana'ar, wanda ke samuwa in an yi rajistar sunan kasuwanci a CAC aka buɗe asusu da shi. Sai kiran bidiyo, ya ga fuskarka da kayan a lokaci guda. Sai sa shagonka a taswirar Google, wanda kyauta ne. Da za a ba ni zaɓi tsakanin kashe kuɗi a rajistar CAC da kashe su a shafi, ga ɗan kasuwa guda, rajistar zan fara yi.

Tambayar da ke biyo baya ita ce ko sai an sayi kwamfuta. Ga mai WhatsApp da Facebook, a'a. Waya mai kyamara mai kyau da batir mai ƙarfi ta fi masa amfani nesa ba kusa ba. Cajar laftof na jan wat 45 zuwa 65, abin da za ta sha a awa ɗaya ya isa ya cika waya kamar sau biyu, kuma a garin da ake kai waya shagon caji, wannan lissafi ne na kullum. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana kashe batir. Wanda zai riƙa kula da shafi, ko rubutu mai tsawo, ko lissafin ƙungiya, shi ne ke buƙatarta. In za a sayi ta hannu a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, a cire caja a ga tsawon lokacin da batirin ke riƙewa, a nemi mai ram, wato ƙwaƙwalwar aiki, gigabait 8 da ma'ajiya mai sauri ta SSD, a kuma tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba sa hawa sabon.

Abin da nake gaya wa mai sayar da kaya shi kaɗai, mace ko namiji, shi ne ya fara da WhatsApp Business a kan layin da ke da sunansa da NIN ɗinsa, ya kulle shi da mataki biyu, ya buɗe shafin Facebook don jawo baƙi, kuɗin da ya tanada na websayit kuma ya ƙara a jari ko ya sayi ƙaramar sola. Sai ya sayi littafi mai bango mai kauri ya riƙa rubuta sunan kowane abokin ciniki da lambarsa da garinsa da abin da yake saye. In aka ɗauke asusun ko wayar ta ɓata, da wannan littafin zai tashi cikin kwana biyu. Ranar da wani mai saye ya ce masa "turo mini adireshin shafinku da imel na kamfani", ko ya ga ana maimaita masa wannan buƙatar, lokacin ginin ya yi.

Ƙungiya kuwa, ko makaranta, ko mai niyyar hulɗa da kamfanoni, su sayi sunan tun yanzu ko da ginin zai jira, don kada wani ya riga su. Ranar da za a yi, shugaba da sakatare su zauna tare da mai haɗawa, a buɗe imel na ƙungiya a gabansu, da shi za a yi rajistar suna da masauki. Kalmomin sirri a rubuta a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardar rajista da ta banki. A sa shi ya koya wa mutum biyu daga cikin 'yan ƙungiya yadda ake canza rubutu da hoto, su gwada da hannunsu yana kallo, kafin a ba shi cikon kuɗinsa. Kuɗin sabuntawa na shekara a sa shi cikin kasafin ƙungiya, a rubuta ranar ƙarewar a bangon ofis, a riƙa biya wata guda kafin ta zo.